Falle na Biyu

Litinin, 1 ga Yuli, bayan La'asar

Na iso Azare. Alhamdulillahi, na iso. Kwana biyu ina kan hanya, jirgi biyu, sannan motar Kano da direbanta ya tsaya sau huɗu ba gaira ba dalili, amma da muka shawo kwanar unguwarmu sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka.

Inna ta rangaɗa guɗa, ta juya ni gaba da baya, ta ce, "Meram, wai ƙasar da kike karatun nan ba su da abinci ne?" Baba yana zaure, inda maƙerarsa take. Shekara biyu ke nan bai taɓa guduma ba saboda rawar hannu, an rufe uwar maƙera da buhu. Ya yi mini sannu da yarenmu na gida, ya ce, "Wushe, uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya tambayi hanya, ya tambayi sanyin can, bai tambayi karatu ba. Na ji daɗin haka ƙwarai.

Na ce musu hutu aka ba ni. Ai kusan hakan ne. An karɓe katin shigata ɗakin gwaji, an ce in jira kwamiti ya zauna ranar ashirin da biyar ga wata. In mutum ya ga dama ya kira shi hutu.

Talata, 2 ga Yuli, da hantsi

Na yi barci. Rabona da irin wannan barci tun watan azumi.

Alhamis, 4 ga Yuli, bayan Azahar

Inna tana tsinkar yakuwa a tsakar gida ta ce, "Wai ni shekara huɗu cur, me kike dafawa a can?" Na ce gawayi. Ta ce in daina mata shaƙiyanci.

Sai na zauna na yi mata bayani, kuma wallahi na daɗe ban ji daɗin faɗinsa kamar yau ba. Na ce akwai wani abu ana ce masa girafin. Sinadarin gawayi ne zalla, irin na bakin fensir, amma a shimfiɗe, kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya tak. Mukan ɗauko jan ƙarfe falle, siriri kamar takarda, mu sa shi a bututun gilas cikin tanderu, mu ba shi wuta har saura kiris ya narke, sannan mu hura masa wata iskar gas mai ɗauke da gawayin. Jan ƙarfen ne ke fasa iskar, ya riƙe gawayin a fuskarsa. Sai ya fara fitowa tabo-tabo, kowane tabo mai kusurwa shida, suna faɗaɗa har su haɗe. Da fuskar ta rufu, aiki ya ƙare, don iskar ba ta ƙara samun ƙarfen da za ta taɓa. Falle ɗaya ke nan, kuma wannan kowa ya iya.

Na ce falle biyu ne rigimar. Falle ɗaya ba a iya tare masa lantarki, wucewa kawai yake yi. Amma biyu, in sun zauna kan juna daidai, ana iya kunnawa a kashe, kuma abin da masu ƙera na'urori ke nema ke nan. Sannan na biyun ba a sama yake hawa ba. A ƙarƙashi yake fitowa, tsakanin na farkon da ƙarfen.

Inna ta ajiye faranti. Ta ce, "Wato ki shimfiɗa tabarma, sannan ki shimfiɗa wata a ƙarƙashinta ba ki ɗaga ta farkon ba?" Na ce haka ne. Ta ce, "To ai wannan aikin aljanu ne."

Na yi dariya har da hawaye. Su ma can abin da suka ce ke nan, sai dai da wata kalma daban. Ba zan rubuta kalmar a littafin nan ba.

Bara na fitar da takarda cewa na tsirar da falle biyu mai faɗi a kan jan ƙarfe. Ɗakunan gwaji uku suka bi hanyar da na rubuta, ba wanda ya samu, sai ɗaya daga cikinsu ya rubuta wa jami'armu wasiƙa. In kwamiti ya yarda da wasiƙar, za a janye takardar, digirin ya tafi, sunana kuma ya hau shafin jami'a kusa da waccan kalma, inda duk mai waya zai gani.

Miyar yakuwar ta yi daɗi. Sau biyu na ƙara.

Asabar, 6 ga Yuli, da safe

Yaya Kashim ya zo daga shagonsa na waya ya sa mini data ba tare da na roƙa ba. Ya tsaya yana kallona kamar zai ce wani abu, sai ya ce rigata ta yi kyau. Tsohuwar rigar Inna ce.

Ban buɗe imel ba.

Litinin, 8 ga Yuli, da walaha

Hidaya ta aiko saƙon murya. Ita ce 'yar Indonesiya da teburinmu ke jere a ɗakin gwaji, da ita muke salla a bayan kabad ɗin kayan aiki. Ta ce tana nan tana mini addu'a, kuma ba ta yarda da ko kalma ɗaya ba. Sau biyar na saurara.

Tunda na fara, bari in rubuta abin da suke cewa na yi, ko zai daina yi mini yawo a ka. Wai na tsirar da falle ɗaya sau biyu, na ɗora wannan kan wancan da hannu, na ɗauki hoto. Ni! Ni da ko satar amsa ban taɓa yi ba tun daga firamare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin da aka yi a gabana kafin in taho. Hanyar tawa ita ce a naɗe fallen ƙarfen kamar ambulan, a danne bakinsa, ya zama aljihu. Bayan aljihun yakan rufu da girafin da wuri. Cikinsa kuwa iska kaɗan ke shiga, sai ya daɗe a buɗe. Kowa a fagenmu ya san cewa in akwai oksijin a fuskar ciki, yakan farfasa iskar gas ɗin sarai, gawayin ya ratsa jikin ƙarfen ya ɓullo ta waje, a ƙarƙashin falle na farko. To amma ƙarfenmu wanda aka tace ne, a jikin kwalinsa an rubuta babu oksijin. Shi ya sa takardata ta ja hankali: na ce na samu ba tare da shi ba.

Farfesan da ke duba aikina ya ce a maimaita, amma kada in taɓa komai. Ma'aikacin ɗakin ya bi rubutuna layi-layi, ya wanke, ya busar, ya naɗe, ni ina tsaye bayan gilas kamar 'yar kallo. Sau uku. Sau uku falle ɗaya, fes, babu ko ɗigon na biyu. A na ukun Farfesa bai ma dube ni ba.

Wani lokaci sai in ce ko dai da gaske wani abu ya taɓa mini kai. Amma a nan tunanin ba ya daɗewa. Inna sai ta kira ni in riƙe mata tankaɗe, ko akuyar maƙwabta ta shigo, shi ke nan ya wuce.

Laraba, 10 ga Yuli, da yamma

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gero ya miƙe a gonakin bayan gari. Na tsaya a bakin ƙofa na jiƙe da gangan. Yau ma ban buɗe imel ba.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Na lura tun zuwana Baba bai fita majalisar ƙofar gida ba, inda shi da su Alhaji Sherif suke zama tun ina yarinya. Daga masallaci sai zaure. Na tambayi Inna, ta ce gwiwa ce. Ta faɗa tana kallon tukunya.

Yau ya ce, "Uwata, gobe za ki raka ni Katagum in gai da Maikuɗi." Ƙaninsa ke nan, wanda har yanzu yake ƙira a can. Na ce to, gwiwar fa? Ya ce gwiwa ba ta hana shiga mota.

Asabar, 13 ga Yuli, Katagum, dab da Magariba

Bari in bi abin a hankali.

Mun iso da hantsi. Kogi ya kawo, ko'ina kore. Baffa Maikuɗi yana maƙerarsa, rumfar kara da bango ɗaya, yana haɗa wa wata mata ɗan gidan kwalli na jan ƙarfe. Ƙamshin gawayin kawai ya mayar da ni shekara ashirin baya, lokacin da Yaya Kashim ya ƙi ƙira ya bi kasuwa, ni kuma na maƙale a zaure ina zuga wa Baba, Inna tana faɗan za a mayar mata da 'ya namiji.

Suka gaisa, suka tsokani juna. Baba ya ɗauki murfin gidan kwallin ya juya shi, ya ce bakin bai kwanta ba. Baffa ya ce, "To Yaya, gyara mana." Baba ya ɗauki wani sabon falle da hantsaki, hannun ya hau kaɗawa, ƙarfen yana ƙara a bakin hantsakin. Kunya ta kama ni a madadinsa. Sai kawai ya miƙo mini.

"Uwata, kalmashe mini bakin nan."

Baffa ya tuntsire da dariya. "Haba Yaya, Dakta guda za ka sa ƙira?"

Na karɓa. Wallahi ban yi tunanin komai ba. Hannuna ne ya tafi da kansa, ya kai fallen saman garwashi, yana juya shi a hankali yadda aka koya mini, don jan ƙarfe mai sanyi taurin kai gare shi, in ka lanƙwasa sai ya buɗe. Ina kallo ya tashi daga ja ya yi ruwan goro, ya gangaro launin ɓawon albasa. Baba ya ce, "Ya isa."

A nan idona ya tsaya kan fallen.

Wannan launin. Na san shi kamar tafin hannuna. Kullum da safe, shekara huɗu, a ɗakin wanke kaya, bayan na wanke fallen ƙarfena, nakan ɗora shi a kan rishon lantarki har sai ya yi ɓawon albasa kafin in naɗe. Kuma mene ne wannan launi in ba tsatsa ba? Mene ne tsatsa in ba oksijin ba? An sayo ƙarfe tatacce daga wata uwa duniya, ni kuma 'yar maƙeri na bi shi na mayar masa da abin da aka cire, sannan na rubuta wa duniya cewa babu shi! Ma'aikacin da ya maimaita, da iskar kwalba ya busar da nasa, bai kai shi wuta ba, kamar yadda kowane mai hankali yake yi.

Na ce, "Innalillahi." Na sake cewa. Sai dariya ta ƙwace mini, sai kuka. Baffa ya tashi a rikice yana cewa a kawo ruwan sanyi, ta ƙone. Baba bai motsa ba. Ya ce, "Ba ta ƙone ba. Ƙarasa, uwata, kada ya huce."

Na ƙarasa. Ninki biyu, na danne da bayan hantsaki, na bi kusurwa. Baffa ya hura bakin, iska ba ta fita ba. Ya ce tabɗi.

Ban yi abin da suka ce ba. Ban haukace ba kuma. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Lahadi, 14 ga Yuli, Azare, bayan Azahar

Tun da asuba na kira Hidaya daga Katagum, can rana ta yi, na gaya mata abin da na gano. Ta yi ihu har na janye wayar daga kunne. Ta ce, "Me ya sa ba ki rubuta wannan a takardar ba?" Na ce mantawa na yi.

Da muka dawo na je shan ruwa, na tsaya ina kallon randar Inna. Bayanta a jiƙe, alhali ba wanda ya zuba mata ruwa ta waje, daga ciki yake tsattsafowa. Na ce, "Inna, kin ga aikin aljanun nan da kika ce? Ga shi nan a randarki." Ta ce in na gama surutu in rufe mata murfi.

Na buɗe imel. Saba'in da huɗu. Na rubuta wa Farfesa layi goma, na tura kafin tsoro ya dawo.

Talata, 16 ga Yuli, da safe

Ya amsa. Babu gaisuwa, amma ya amsa. Ya ce Hidaya ta gwada, ma'aikacin ɗakin yana tsaye a kanta: aljihu biyu daga ƙarfe ɗaya, ɗaya gasasshe, ɗaya ba a gasa ba, a tanderu ɗaya. In ya fito kafin ashirin da biyar, shi da kansa zai kai wa kwamiti.

Na share tsakar gida, na wanke kayan Inna har da waɗanda ba su yi datti ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, da hantsi

Bai fito ba. Duka biyun falle ɗaya.

Alhamis ɗin dai, bayan La'asar

Na kwanta na juya wa ƙofa baya, Inna ta yi ta kawo kunu tana mayarwa. Da na gaji da kwanciya na ce wa Hidaya ta turo mini hoton aljihun kansa, ba na girafin ba. Da na gani sai da na yi tsaki. Launin ya yi daidai, amma bakin! Ninki ɗaya ta yi, kusurwa a hangame. Iska ta shige ciki son ranta, cikin ya rufu da wuri kamar wajen, to ta ina gawayin zai shiga ƙarfen? Ƙofar da zai bi an toshe ta tun kafin ya fara.

Na yi ta mata bayani a waya, ninka nan, danne can. Ta ce, "Meram, ban gane ba, nuna mini." Na nemi abin nunawa a gidan nan, na rasa wanda ya fi wanda ke zaure.

Juma'a, 19 ga Yuli, da safe

Na ce wa Baba wata ƙawata ce a makaranta take son koyon kalmasa. Bai ce don me ba. Ya sa hularsa mai kyau, ya ce a janye buhun nan daga kan uwar maƙera. Yaya Kashim ya riƙe waya.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Hidaya a can cikin farar riga da safar hannu, ga ma'aikacin ɗakin a bayanta ya harɗe hannu, ga Baba a nan kan buzu yana faɗa da Hausa ina juyawa. Ni nake riƙe ƙarfen, shi yake ba da umarni. "Ce mata kada ta ja, ta kwantar. Ninki na farko siriri. Na biyu ya haɗiye na farko. A'a! Wa ya ce ta fara da kusurwa? Kusurwa ita ce ƙarshe, a karya ta ciki kamar kunnen zane." Ta ɓata uku. A na huɗu ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa wayar, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Yarinyar nan tana da hannu. Ce mata ta ɗaga shi ga fitila, in ta ga haske ta baki, ta sake." Ba ta ga haske ba.

Kafin a kashe, ma'aikacin nan da bai taɓa yi mini murmushi ba ya sunkuyar wa Baba da kai irin gaisuwarsu. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Madalla, a gai da gida."

Litinin, 22 ga Yuli, da yamma

Tanderun yana hannun wasu har yau. Gobe. Na ci abinci, na yi barci, abin har mamaki yake ba ni.

Talata, 23 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Ya fito.

Hoto biyu Hidaya ta turo, ba ta rubuta komai ba. Na aljihun da ba a gasa ba, fili ne fetal, launi ɗaya. Na gasasshen kuwa, ga su nan, tabo-tabo masu duhu, kusurwa shida-shida, manya, wasu har sun fara haɗewa, kuma gefensu ya bi gefen na sama daidai. 'Ya'yana. Wata huɗu rabona da su.

Na yi sujada a tsakar gida, kan ƙasa mai laima. Inna ta fito da ludayi a hannu ta ce lafiya? Na nuna mata. Ta kalla ta kalla ta ce, "Wannan ai zanen atamfa ne." Sannan ta share mini goshi da bakin mayafinta, ta daɗe tana sharewa, alhali ƙasar ba ta da yawa.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan Azahar

Kwamiti ya zauna, na shiga ta waya daga bayan shagon Yaya Kashim, inda sabis ya fi ƙarfi. Mutum biyar. Minti arba'in. Sun maimaita gwajin jiya da hannun ma'aikacin, ya sake fitowa.

Sun cire kalmar. Babu ita a ko'ina. Za a mayar mini da katina. Amma dole in fitar da gyara in ce abin da na rubuta bara, cewa babu oksijin, kuskure ne, kuma in bayyana matakin da na tsallake. Abin da ya sa takardar ta yi suna ya tafi ke nan. Na zaci zai yi mini ciwo. Ko kaɗan. Gara kuskure sau dubu.

Wata tsohuwa a cikinsu ta tambaye ni abin da Hidaya ta tambaya: me ya sa ban rubuta ba. Na buɗe baki zan ce mantawa, sai na fasa.

Ba mantawa na yi ba. A makona na farko a ɗakin nan wani babban ɗalibi ya same ni ina gasa ƙarfe a kan risho, ya kira abokinsa, ya tambaye ni ko a ƙasarmu ƙarfe muke karyawa da shi. Suka yi dariya, ni ma na taya su. Daga ranar nake riga kowa zuwa, in gasa, in naɗe, in goge rishon kafin a shigo. Da na zo rubuta hanyar aikin, na iso wannan layi, na tsaya, na rubuta "a busar da shi" na wuce. Ban ɗauka yana da wani tasiri ba, gaskiya ne. Amma dalilin da ban tsaya na bincika ba shi ne ba na son in tuna daga inda na samo shi. Kunya na ji. Kunyar zauren nan.

Haka na faɗa musu, da Turancin da ya zo bakina. Tsohuwar ta rubuta wani abu, ta ce in gai da mahaifina.

Juma'a, 26 ga Yuli, bayan La'asar

Da safe na sami Baba a zaure, na zauna nesa kaɗan, na ce ina da magana. Na faro tun daga wasiƙa. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Na sani, uwata. Tun kafin ki taso Kashim ya faɗa mini. Wani ɗan Alhaji Sherif da ke karatu a waje ya ji, ya gaya wa ubansa, uban ya tambaye ni a gaban mutane ko gaskiya ne an kama 'yata da ƙarya."

Shi ya faɗi kalmar. A bakinsa ba ta yi nauyin da nake tsoro ba.

Na ce, "Shi ya sa ba ka fita majalisa." Ya ce ba zai zauna inda ba shi da amsa ba. Na ce me ya sa bai tambaye ni ba, kusan wata guda ina gabansa. Ya ce, "In tambaye ki me? Ni na san wadda na haifa." Na ce to Katagum fa, ya san abin da zai faru ne? Ya yi dariya ya ce ina zai sani, shi da bai san ko mene ne girafin ɗin ba. "Na ga kin dawo ba kya taɓa komai sai tsintsiya. Aka ce za su karɓe takardarki. Na ce bari in gani ko har hannun sun karɓe."

Amma akwai saura, kuma na riga na faɗa wa baƙi biyar, ba zan ɓoye masa ba. Na gaya masa maganar risho, da dariyar, da zuwan sassafe, da layin da na ƙi rubutawa. Na ce kunya na ji, Baba.

Ya juya fuskarsa ga uwar maƙera. Wallahi gara a ce ya zage ni. Can ya ce, "Wannan kam kin yi laifi. Ubana daga Gashuwa ya zo garin nan da hantsaki ɗaya, kuma duk wanda ya yaba aikinsa sai ya faɗi sunan wanda ya koya masa. Haka ake yi."

Na ɗauko gyaran da na rubuta jiya na karanta masa, ina juyawa da Hausa. A gasa fallen a iska har ya yi launin ɓawon albasa. A ninka baki sau biyu, kusurwa a ƙarshe. A ɗaga ga fitila. Sannan layin ƙasa: wannan hanya ta Malam Zarami ce, maƙerin jan ƙarfe a Azare, mahaifin marubuciyar, shi ya koya mata.

Ya ce in sake karanta na ƙasan. Na sake. Ya ce, "Ki ƙara Malam Bukar, ubana. Ni ma ba ni na ƙago ba." Na ƙara a gabansa.

Da aka sauko Juma'a bai shigo zaure ba. Ina ɗaki na ji ya ɗaga murya daga ƙofar gida, irin yadda ban ji ba tun zuwana.

"Uwata! Miƙo mini buzuna, a nan zan zauna."